Haƙuri da Ciwon Yaron da Ba Ya Iya Faɗin Inda ke Masa Ciwo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya barci hutu ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabin rahama, Sayyidina Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da sauran waliyyanSa.

Bayan haka:

A unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai gidajen da dare ba ya kawo musu hutu. A irin wannan gida akwai yaro, wataƙila shekararsa 6 ko 7, bai taɓa zama da kansa ba, bai taɓa cewa "Inna" ba. Idan gari ya yi tsit, wajen ƙarfe 1 ko 2, sai jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, ƙafafunsa su harɗe, ya fara kuka. Uwar ta tashi ta juya shi, ta shafa shi, ta goya shi ta zagaya tsakar gida. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ta kwantar da shi, bayan rabin sa'a ya sake. A haka ladan zai same su. Uban ya tafi zawiya ido ja, kuma idan aka tambaye shi ya mai jiki, ya ce da godiya, a ce masa sai haƙuri.

Kalmar gaskiya ce, haƙuri kuwa babban muƙami ne a tafarkin masu neman Allah. Sai dai akwai tambayar da ta kamata muridi ya tsaya a kanta: idan aka ce "sai haƙuri" a kan yaron da ke kuka duk dare, wane ne ake cewa ya yi haƙurin, kuma da me? Shin yarda da ƙaddara tana nufin a bar shi da kukansa tun da haka Allah Ya halicce shi?

Mece ce wannan larura

Larurar da ake magana a kanta ita ce shanyewa ko sandarewar jiki da ke biyo bayan raunin da ƙwaƙwalwar yaro ta samu tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. A takardun asibitin Nijar sau da yawa akan rubuta ta da haruffan IMC. Ba ita ce shan inna ba, domin shan inna ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, wannan kuwa ba a ɗaukar ta daga wani. Cikin abubuwan da ke kawo ta akwai doguwar naƙuda wadda ta hana jariri samun iska, da haihuwar bakwaini, da shawara mai tsanani a kwanakin farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani likitan Ingila mai suna William Little ya yi bayaninta tun a shekarar 1861. A ƙididdigar duniya tana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da aka haifa, kuma ta fi yawa inda mata ke haihuwa nesa da asibiti.

Wannan ya isa ya rufe ƙofar maganganun da ake jifan iyaye da su, cewa aljanu ne suka musanya jaririn, ko ɗan ruwa ne, ko alhaki ne ya kama uwar. Ɗan Adam ne mai daraja, alƙalami bai hau kansa ba, kuma zargin uwarsa ba tare da hujja ba zunubi ne a kan mai zargin.

Raunin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Amma jikin yana girma, matsalolinsa suna canjawa. A shekarar 2012 wasu masu bincike a Ostireliya suka tattara sakamakon nazarce-nazarce da yawa, suka ga cewa cikin yaran da ke da wannan larura 3 cikin 4 suna fama da ciwo, 1 cikin 3 ƙashin ƙugunsa yana gocewa daga mazauninsa, 1 cikin 4 yana da farfaɗiya, 1 cikin 4 ba ya magana, 1 cikin 5 kuma yana da matsalar barci. A lura da lamba ta farko da ta huɗu tare: ciwo ya yi yawa a cikinsu, alhali da yawansu ba su da bakin faɗa.

Abin da ke hana shi barci

Lafiyayyen mutum yakan juya sau da yawa cikin dare bai ma sani ba. Wannan yaron yadda aka kwantar da shi haka zai zauna, har gefen da ya danne ya yi zafi, wani lokaci fatar ta ɓare ta zama gyambo. Naman jikinsa yakan ɗaure da ƙarfi, irin ɗaurewar da babba ke ji a sha-raɓarsa cikin dare har ya yi salati, sai dai shi nasa yana komowa sau da yawa. Ƙugun da ya goce yana ciwo musamman idan ana canja masa zane ko ana buɗe ƙafafunsa. Abinci yakan taso masa daga ciki ya ƙona ƙirji idan an kwantar da shi a miƙe bayan ya ci. Bayan gida yakan yi masa tauri kwana da kwanaki saboda rashin motsi da ƙarancin shan ruwa. Haƙori yakan ruɓe domin buɗe bakinsa a wanke yana da wuya. Wani farfaɗiya ce ke zo masa cikin barci. Wani numfashinsa ne ke toshewa, ya yi ta minshari yana farkawa. Wanda idonsa ba ya gani sosai kuma jikinsa yakan kasa rarrabe dare da rana, ya yi barci da hantsi ya farka tsakar dare.

A kan wannan sai a ƙara yanayin ƙasar: zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ga yaron da ba zai iya ture zane ko neman ruwa ba, da sanyin hunturu da ke ƙara ɗaure jiki, da sauron damina ga wanda hannunsa ba ya kora.

Ciwo da rashin barci kuma suna ciyar da juna. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya sa jiki ya ƙara jin ciwo, ya ƙara sandarewa, ya kuma sauƙaƙa wa farfaɗiya zuwa.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga abu ɗaya. Larurar ƙwaƙwalwar dabam, waɗannan ciwuka dabam. Ita ba a san maganin da ke goge ta ba, amma taurin bayan gida yana da magani, ruɓaɓɓen haƙori yana da magani, ƙwannafi yana da magani, farfaɗiya ana iya danne ta, sandarewar jiki ana iya sassauta ta. Idan aka ce "ciwonsa ba ya da magani" aka haɗa su duka a jaka ɗaya, an yi kuskure, kuma yaron ne ke biyan kuɗin kuskuren kowane dare.

Yarda da hukunci, da abin da aka hukunta

Malaman Malikiyya sun riga sun warware wannan ƙulli. Imamu Ƙarafi a littafinsa Al-Furuƙ ya rarrabe tsakanin yarda da hukuncin Allah da yarda da abin da aka hukunta. Na farko wajibi ne: bawa ba ya tuhumar Ubangijinsa, ba ya ganin an zalunce shi. Na biyu kuwa ba a ɗora wa bawa ya so shi ba. Mara lafiya yana iya yarda da likitansa ɗari bisa ɗari, kuma ya ji ɗacin maganin ya yamutse fuska. Imamu Gazali ma a cikin Ihya'u ya bayyana cewa neman magani ba ya rushe tawakkali, kuma addu'ar neman yaye bala'i ba ta rushe yarda.

Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da mutanensa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Haka nan uban da ya ɗauki ɗansa ya kai asibiti bai fita daga ƙaddara ba. Wanda Ya ƙaddara ciwon Shi Ya ƙaddara maganin, Shi kuma Ya ƙaddara ƙafar da ta taka zuwa nemansa.

Mai tambaya yana iya kawo hujja mai ƙarfi. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa wata mata mai farfaɗiya ta roƙi Manzon Allah (SAW) ya yi mata addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri. Ashe wannan bai nuna barin ciwo ya fi ba?

Amsar tana cikin hadisin kansa. Matar baliga ce mai hankali, jikinta ne, ita aka ba zaɓi, ita ta zaɓa. Ko ita ma ba ta bar komai ba, sai da ta roƙi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ciwon ya tashi, aka kuma yi mata. Waliyyan da aka ruwaito sun bar magani, a kan jikinsu suka bari. Mutum yana da ikon ya sadaukar da jin daɗinsa don neman lada, amma ba shi da ikon ya sadaukar da na wani. Alƙur'ani ya hana a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau, kuma malaman fiƙihu suka kafa cewa waliyyi ba ya sarrafa al'amarin wanda ke ƙarƙashinsa sai da abin da yake maslaha gare shi. Mai riƙon maraya ba zai yi sadaka da gonar marayan ya ce yana nema masa lada ba. Idan dukiyar yaro tana da wannan kariya, jikinsa ya fi cancanta da ita.

Saboda haka haƙurin da ake nema a wannan gida na iyaye ne, a kan abin da ya same su su: gajiya, da kashe kuɗi, da maganganun mutane, da burin da suka yi wa ɗansu bai cika ba. A nan ladansu ba shi da iyaka. Ciwon yaron kuwa amana ce a hannunsu, aikinsu a kansa shi ne su nemi sauƙinsa iyakar ƙarfinsu. Abin da ya gagara bayan an yi ƙoƙari, shi ne ake miƙa wa Mai shi da zuciya natsattsiya.

Zuciya takan tambaya: yaron da bai yi zunubi ba, don me yake shan wannan wahala? Malaman tauhidi sun daɗe suna tattauna ciwon ƙananan yara, kuma matsayar Ahlus Sunna ita ce Allah ba Ya zalunci, hikimarSa kuma ta fi ƙarfin abin da hankali ke kewayewa. Ƙissar Annabi Musa da Haliru a Suratul Kahfi ta nuna cewa har Annabi mai girma yana iya ganin abu bai ga bayansa ba. Abin da aka ɓoye wa bawa shi ne dalilin ciwon. Abin da ya kamata ya yi wa mai ciwon kuwa ba a ɓoye masa ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim yana cikin ciwon ajali, ya kira hawayen rahama. Ya kuma faɗa cewa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda abin da ya san uwar tana ji. Wanda kukan yaro ya sa ya rage tsawon salla, ba za a jingina wa sunnarsa barin yaro yana kuka ba.

Sauraro irin na masu muraƙaba

Muridi ya saba da horon lura da abin da ke motsi a zuciyarsa. Wannan horon shi ake bukata a gefen shimfiɗar yaron. Ma'aikatan lafiya sukan auna ciwon yaron da ba ya magana ta abubuwa biyar: fuskarsa, ƙafafunsa, motsin jikinsa, irin kukansa, da ko lallashi yana kwantar da shi. Uwa ta fi kowa sanin waɗannan. Yana da kyau wani a gidan ya riƙa rubutawa har mako biyu, da boko ko da ajami: ƙarfe nawa ya farka, bayan cin abinci ne ko kafin, kwana nawa bai yi bayan gida ba, wace gaɓa ce idan an taɓa yake ƙara. Wannan takarda takan buɗe wa likita hanya fiye da cewa "ba ya barci" kawai.

Akwai abin da gida zai iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba. A bar ɗan lokaci tsakanin abincin dare da kwanciya, a kuma ɗaga kansa da ƙirjinsa. A kwantar da shi a gefe da matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyinsa, a riƙa canja masa gefe. A duba fatar ƙugu, diddige da baya kowace rana. A ba shi ruwa isasshe a hankali yana zaune an tallafe shi. A fitar da shi ya sha hasken safiya, a rage masa barcin la'asar, a kashe haske da dare. A ɗaura gidan sauro. A nemi masu gyaran gaɓoɓi na asibiti su koya wa iyaye yadda ake miƙe hannu da ƙafa ba tare da tilastawa ba.

Tofi da addu'a suna nan a matsayinsu. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari. Sai dai a kula, yaron da ke ƙwarewa idan ya sha ruwa ba a ɗura masa rubutu yana kwance, domin ruwan yana iya shiga huhunsa. A shafa masa a jiki ya wadatar. Hayaƙi mai yawa a ɗakin da yake kwana yana ƙara masa wahalar numfashi. Sakiya da tsaga kuwa ƙarin ciwo ne a kan ciwo.

Akwai jarrabawar da take zuwa wa iyayen da suka gaji: a sayi ƙwayar sa barci wurin masu tallar magani a ba shi don gida ya huta. Ba za a yi wa wanda ya shekara bai yi barci ba dariya a kan wannan tunani ba. Amma ya tambayi kansa, ciwon ne ya tafi ko kukan? Irin waɗannan ƙwayoyi suna iya raunana numfashi da haɗiya, kuma sukan rufe alamar da ita kaɗai yaron yake da ita ta neman taimako. Akwai magungunan sassauta jiki da na farfaɗiya da likita ke rubutawa gwargwadon nauyin yaro, su ne abin nema, kuma maganin farfaɗiya ba a tsayar da shi kwatsam ba tare da shawarar likita ba.

Daren uwa, da haƙƙin da ke kan zawiya

Sau da yawa uwar irin wannan yaro takan ji kamar an bar ta a baya. Ƴan'uwanta suna zuwa zikirin Juma'a, suna tafiya Maulidi, ita tana ɗaki. Lazimin safe yakan kuɓuce mata har rana ta take. Ta sani cewa a cikin ɗariƙa lazimin safe yana da lokacin larura har faɗuwar rana, kuma muƙaddaminta zai yi mata bayanin sauƙin da ke akwai. Ta kuma tuna da Sayyidina Usman. Ranar Badar, yaƙin da ba a yi kamarsa ba a Musulunci, ya zauna a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma Manzon Allah (SAW) ya tabbatar masa da ladan wanda ya halarta da rabonsa. Jinya ta tsaya masa a matsayin Badar. Matar da ta tashi sau 10 cikin dare ta juya ɗanta don Allah tana cikin masu raya dare, ko da carbi bai shiga hannunta ba.

Amma kada wannan bushara ta zama hanyar da maza za su zame. A gaya wa mace ladanta yana da yawa sannan a juya a ci gaba da barci, wannan ma wani nau'i ne na yin haƙuri da wahalar wani. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Ya kuma gaskata Salmanul Farisi lokacin da ya hana Abud Darda'i raya dare gaba ɗaya, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Uwar nan ma jikinta yana da haƙƙi. Rashin barci mai tsawo yana kawo mantuwa, saurin fushi da baƙin ciki mai nauyi, kuma hannun da ya gaji shi ne ke yin kuskure wajen awon magani. Mijin da ya karɓi yaron daga ƙarfe 3 zuwa asuba don matarsa ta runtsa, ya yi zikirinsa yaron yana kan cinyarsa, ya haɗa ibada biyu a zama ɗaya.

Sai jama'a. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin ƙudusi da ke nuna cewa ranar Alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan mara lafiyar da bai gaishe shi ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurinsa. Mutanen ɗariƙa suna bin dare suna neman kusanci, ga shi an faɗa musu wani wuri da ake samun sa, wataƙila gida uku ne tsakaninsa da zawiya. Shehunai sun ɗauki hidima babbar ƙofar tarbiyya, kuma hidima ba ta tsaya ga shimfiɗa tabarmi da dafa abincin Maulidi ba.

Zawiyar da ke iya tara kuɗin motar ziyara tana iya tara kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti da na magani. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta tsara kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma waɗannan yara suna wuce shekara 5 da larurarsu, daga nan nauyin ya koma kan gida. Mata muridai suna iya raba ranaku, kowace ta karɓi yaron sa'a 2 da rana don uwar ta yi barci. Kafinta cikin ƴan'uwa yana iya ƙera kujerar da za ta tallafe bayan yaron da kansa. Mai mota yana iya ɗaukar su ranar ganin likita idan an tura su babban asibitin Damagaram, Maraɗi ko Yamai. Muƙaddami kuma, idan uban ya ce "da godiya", yana iya jan sa gefe bayan wazifa ya tambaye shi: "Malam, jiya sa'a nawa kuka yi barci kai da uwargida? Yaushe rabon da likita ya duba ƙugunsa da haƙoransa?" Bayan an ji amsa, an ga abin da za a iya ɗauke masa, sannan kalmar "sai haƙuri" ta sami wurin zama.

Allah Ya sauƙaƙa wa waɗannan yara ciwonsu, Ya ba su barci mai daɗi, Ya sanya su masu ceton iyayensu. Allah Ya ƙarfafi iyayen, Ya karɓi darensu cikin dararen masu tsayuwa, Ya buɗe zukatan ƴan'uwa ga hidimarsu, albarkacin Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa. Amin.